Matambayi Ba Ya Ɓata: Ɗalibai, Malamai da Ƙirƙirarriyar Basira

Wasiƙun wannan watan sun taru ne a kan abu guda, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake kira AI, irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI ɗin nan da ke maƙale a WhatsApp, da yadda suka kutsa kwalejoji da jami'o'inmu. Galibin wasiƙun daga ƙauyuka da ƙananan garuruwan Kano da Jigawa suka fito. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye.

Ina koyarwa a wata kwaleji, ɗalibai 240 ne a ajina. Na ba da jinga, sai ga kusan rabin aji sun kawo Turanci mai santsi wanda na san ba nasu ba ne. An ce akwai manhajar da ke gano rubutun AI. Wacce ta fi inganci, in saya ko da kuɗin aljihuna ne?
*Wani malami, daga ƙasar Ringim*

Malam, adana kuɗinka. Har yau babu manhajar da ta isa ta zama hujjar kayar da ɗalibi. Kamfanin OpenAI, wanda ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, zuwa watan Yuli ya janye ta da kansa saboda yawan kuskurenta. A wannan shekarar dai masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗauki rubutun jarrabawar Turanci guda 91 na mutanen da ba su tashi da Turanci a gida ba, suka ba manhajojin ganowa guda 7. Sama da kashi 60 cikin ɗari na wannan rubutu, wanda mutane ne suka yi shi, aka ce na na'ura ne.

Dalilin ya shafe mu kai tsaye. Abin da irin waɗannan manhajoji ke aunawa shi ne sauƙin hasashen kalmar da za ta biyo baya. Yaron da ya koyi Turanci a sakandaren ƙauye, kalmominsa ƙididdigaggu ne, jimlolinsa kuma na hadda ne, saboda haka rubutunsa yana da sauƙin hasashe. Shi ne zai faɗa tarkon. Mai wayon da ya ce wa na'urar ta sassauta Turancin ta zuba kurakurai biyu uku kuwa, ya wuce abinsa. Ko da a ce kuskuren ɗaya ne cikin ɗari, a takardu 3,000 an zalunci mutum 30. Irin wannan lissafi ne ya sa Jami'ar Vanderbilt ta kashe ɓangaren gano AI na Turnitin, manhajar kama satar rubutu, a Agustan 2023, wata huɗu kacal bayan fitowarsa.

Abin da ke aiki shi ne ka zaunar da ɗalibi da takardarsa a gabanka. Tambaya uku sun isa. Nuna wata kalma a sakin layi na biyu ka ce ya faɗi ma'anarta da Hausa. Nuna wani adadi ka ce daga ina ya samo shi. Sannan ka ce ya kawo misali daga garinsu. Wanda ya yi aikinsa zai yi ta in-ina da Turanci amma ya san inda ya dosa; wanda aka yi wa kuwa, tun a tambayar farko zai kafe. Mun san mutum 240 a minti uku-uku awa 12 ke nan, ba mai wannan sararin. Raba su rukuni na mutum biyar-biyar, rukuni 48, kowane rukuni minti 6, kai kake zaɓar wanda zai amsa. Bai kai awa biyar ba, kuma za ka iya yayyanka shi a makonni huɗu.

Sai dai gyaran na gaskiya yana cikin jingar kanta. Duk tambayar da ta ce "tattauna matsalolin ilimin firamare a Nijeriya" na'ura za ta amsa ta kafin shayi ya huce. Tura su makarantar firamaren mazaɓarsu. Su ƙirga yaran aji uku ranar Litinin, su sake ƙirgawa ranar da kasuwar yankin ke ci, su ƙirga benci da littattafai, su tambayi hedimasta yadda zuwan yara ke kasancewa lokacin shuka da lokacin girbi. Su kawo littafin da suka yi rubutun a can, da sa hannun hedimasta da hatimin makaranta. Na'ura na iya ƙirƙiro alƙaluma, shi ya sa littafin da tambayar baka suke tafiya tare. Idan maki 30 ne na ayyukan zango, za ka iya ba da 10 ga rubutun cikin aji da biro, 10 ga aikin fita, 5 ga tambayar baka, 5 kuma ga darasin da za mu faɗa yanzu.

Wannan darasin mun fi ba shi muhimmanci a kan duk sauran. Ka yi wa manhajar tambaya a kan abin da ka riga ka koyar, ka buga amsarta a shafi ɗaya, ka yi fotokwafi ka raba. Aikin ɗalibai shi ne su bi ta da jan biro: ina ta yi daidai, ina ta yi kuskure, me ta tsallake, wane zance ne ba shi da madogara. Mai babbar waya da mai ƙaramar waya duk ɗaya suke a nan, ba a bukatar data, ba a bukatar caji. Ɗalibin da ya kama na'ura da ƙarya da hannunsa sau ɗaya, ba zai ƙara yi mata kallon malami ba.

Kuma ka rubuta dokarka tun makon farko, a saman kowace jinga: wannan an hana taɓa AI kwata-kwata, wannan an yarda a gyara nahawu da ita muddin an bayyana. Hukunta yaro a kan dokar da ba a gaya masa ba zalunci ne. Ba sai ka jira sabuwar manhajar karatu daga Abuja ba. Darasi biyu cikin kwas ɗin dabarun bincike sun ɗauke wannan. Su jami'o'i ma, tsarin manhajar karatu na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar musu kashi 30 cikin ɗari na darussa su tsara da kansu, wurin yana nan.

Ina rubuta kundin kammala karatu. Na nemi ChatGPT ta ba ni manazarta 15 a kan auren wuri da karatun 'ya'ya mata a Jigawa, ta ba ni har da shekara da lambar shafi. Malamin da ke duba aikina ya ce 9 daga ciki babu su a duniya. Yaya na'ura za ta yi ƙarya? Kuma an hana ni amfani da ita ke nan?
*Wata ɗaliba, daga Gwaram*

'Yar'uwa, ki gode wa Allah da malaminki ya gano tun kafin ranar kare kundi. Ita wannan manhaja ba ɗakin karatu ba ce da take ɗauko littafi daga ma'ajiya. An horar da ita a kan rubutu mai ɗimbin yawa har ta ƙware wajen jera kalmar da ta fi dacewa ta bi wata. Ta ga dubban manazarta, ta san siffarsu: suna, shekara, take, mujalla, shafi. Idan kika tambaye ta abin da ba a yi rubutu da yawa a kansa ba, kamar wata ƙaramar hukuma a Jigawa, sai ta haɗa sunan malami na gaske da mujalla ta gaske da taken da ba a taɓa rubutawa ba. Kamar dillalin da ba ya taɓa cewa babu, haka take. Waɗanda ke leƙa intanet kafin su amsa sun rage wannan matsala, amma su ma sukan jingina wa takarda ta gaske maganar da ba ta faɗa ba. Manya ma sun faɗa wannan rami: a Yunin 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu tsofaffin shari'o'i 6 da ChatGPT ta ƙirƙira.

Ga yadda za ki tace kowace madogara. Kwafi taken gaba ɗaya ki saka a Google Scholar, shafin neman takardun bincike. Idan bai fito ba, gwada AJOL, rumbun mujallun Afirka. Idan akwai lambar DOI, wato lambar shaidar takarda, wadda ke farawa da 10 da ɗigo, saka ta a doi.org; in ta buɗe wata takarda daban ko ta ƙi buɗewa, jefar da ita. Idan kin samu takardar, buɗe ta ki nemo ainihin shafin da maganar take, ki karanta da idonki, ki rubuta lambar shafin a littafinki. Abin da ba ki buɗe ba, kada ya shiga manazartarki. Mu da muka gaji ilimin isnadi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Game da hani, dokar sashenku da maganar malaminki su ne gaba. Inda aka yarda, akwai amfani mai tsabta. Ki ce ta bayyana miki bambancin hanyoyin zaɓen samfur da sauƙin Turanci. Ki ce ta ba ki kalmomin da za ki yi nema da su. Ki rubuta sakin layinki da kanki, sannan ki ce ta nuna kurakuran nahawu ɗaya bayan ɗaya tare da dalili, ke ki gyara. In kika ce ta sake rubutawa, muryarki ta tafi kuma ba ki koyi komai ba. Ki sa ta zama mai jarrabawa, ta yi miki tambayoyi goma masu zafi a kan babi na uku. A ƙarshe ki bayyana a shafin godiya ko a babin hanyoyin bincike: wace manhaja, wane wata, a wane babi, don wane aiki. Ba a sa ta a jerin marubuta, domin ba ta ɗaukar alhaki. Matsayar da ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar wallafa bincike ta ɗauka ke nan tun 2023. Sunanki ne a bangon kundin, duk kuskuren da ke ciki naki ne.

Da hannuna na rubuta jingata, amma aka ce manhaja ta nuna AI ce, aka ba ni sifili. Me zan yi?
*Wani ɗalibi, daga Albasu*

Ɗan'uwa, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka kai maganar Facebook. Tattara shaidarka: takardun da ka fara zayyana aikin, littattafai ko handawut ɗin da ka duba, da tarihin gyare-gyaren fayil ɗin idan a Google Docs ka rubuta, domin yana ajiye lokacin da aka yi kowane gyara. Ka sami malamin a ofis cikin ladabi, ka roƙe shi ya yi maka tambayoyi a kan aikin nan take, ko ya ba ka takarda ka sake rubuta wani ɓangare a gabansa. Mai gaskiya ba ya tsoron wannan, kuma yawancin malamai za su karɓa. In abin ya faskara, sai ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, daga nan ka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe, ka riƙe kwafi. Daga yau kuma kada ka yar da takardar gwajin rubutu sai sakamako ya fito.

Ina da shagon kwamfuta, ina buga wa ɗalibai takardu. Yanzu sukan kawo take kawai su ce in haɗa musu babi biyar da AI, har da alƙaluman babi na huɗu. Kuɗin ya fi na bugu nesa ba kusa ba. Ni dai aiki aka ba ni. Akwai laifi?
*Wani mai shago, daga yankin Karaye*

Akwai, Malam, kuma tambayar da ka yi ta nuna zuciyarka ta riga ta gaya maka. Bugu da tsara shafi da ɗaurin kundi sana'a ce ta halal. Koya wa ɗalibi yadda ake shigar da alƙalumansa a manhajojin lissafi irin su Excel ko SPSS ma sana'a ce, kana iya sa mata farashi. Amma kundi shaida ce da ɗalibi ke sa wa hannu cewa shi ya yi, a kanta ake ba shi takardar da zai nemi aiki da ita. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Babi na huɗu ya fi muni. Idan aka ce an raba takardun tambayoyi 200 a ƙauyuka biyar alhali ba wanda ya taka ko ɗaya, an ƙaga wa mutanen garuruwan maganar da ba su faɗa ba. Kundin zai zauna a ɗakin karatu, na baya su kwafa, ƙaryar ta yi ta haihuwa. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Babi na uku ya ce mutum 200, jadawalin babi na huɗu ya tashi 187 ba bayani. Kason cikin ɗari ya haɗu ya ba da 104. Amsoshin sun yi luf-luf, babu wanda ya tsallake tambaya, abin da ba ya faruwa a aikin fili. Ga malamai masu duba kundi: ku ce a kawo ɗaurin takardun da aka cike, ku zari biyar ba zaɓe, ku gwada da layukansu a Excel, ku dubi ko rubutun hannun iri ɗaya ne. Minti goma ya isa. Ranar da abin ya fashe, ɗalibin ne zai fuskanci kwamitin ladabtarwa, kuma sunan shagonka zai fara ambata.

Ina karatun kiwon lafiya, ina aikin koyo a wani ƙaramin asibiti. Nakan ɗauki hoton katin mara lafiya in tura wa Meta AI ta taimaka min da rahoto. Ƙawata ta ce kuskure ne.
*Wata ɗaliba, daga Kiyawa*

Ƙawarki ta yi gaskiya, ki daina daga yau. Abin da kika tura wa Meta AI ba kamar saƙon da kika tura wa ƙawarki ba ne, yana isa ga kamfanin. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, kuma tun kafin doka sirrin mara lafiya amana ce a wuyanki. Goge suna kaɗai ba ya wadatarwa a ƙauye. In kika ce mace mai shekara 34, haihuwa ta tara, matar mai kemis a unguwa kaza, kowa ya gane ta. Idan nazari kike so, sauya bayanin ya zama na gama-gari: mace mai matsakaicin shekaru da alamomi kaza, ba gari, ba kwanan wata, ba lambar kati, ba hoto. A saitin ChatGPT akwai wurin kashe amfani da hirarki wajen horar da manhajar, ki kashe, amma wannan bai halatta tura katin kowa ba.

Abu na biyu ya fi gaggawa: kada ki ɗauki adadin magani daga bakin na'ura, musamman na yara da ake lissafawa da nauyin jiki. Ɗigo ɗaya da ya goce ya mai da 0.5 ya zama 5, ninki goma ke nan. Littafin ƙa'idojin aiki na ma'aikatan lafiyar al'umma da mai kula da ke a asibitin su ne madogara.

Ɗalibin aikin gona ne ni. Manoman garinmu sukan tambaye ni, ni kuma in tambayi AI da Hausa in karanta musu. Wani lokaci amsar takan yi ban mamaki.
*Wani ɗalibi, daga Auyo*

Niyyarka kyakkyawa ce, amma gonar mutum abincinsa ne na shekara, sai a yi hattara. Mafi yawan rubutun da aka horar da waɗannan manhajoji a kansa na Turanci ne, kuma na wasu ƙasashe. Hausar da suka gani kaɗan ce, shi ya sa sukan rikita namiji da mace, su ƙago karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa ji, su fassara sunan ciyawa ko ƙwaro da abin da ba shi ba. Ka tambaya da Turanci in kana iyawa, ka fassara wa manoma da bakinka. Aya ko hadisin da ta kawo kuma, kada ka isar sai ka gani a Mus'hafi ko ka tambayi malami.

Kurakuranta a noma suna da wuraren da suka saba fitowa. Lokacin shuka: takan ba da na kudu ko na Amurka, ta ce Afrilu, alhali a arewacin Jigawa sai Yuni ko farkon Yuli damina ke zama, hasashen hukumar yanayi ta NiMet na kowace shekara shi za ka duba. Ma'auni: takan cakuɗa eka da hekta, kuma hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, ka ga kuskuren ya ninka taki ko ya rage shi fiye da rabi. Maganin feshi: takan yi lissafi da galan, kai kuwa famfon goyo na lita 16 ko 20 ke hannunka, bi abin da ke jikin kwalba, ka duba lambar NAFDAC.

Ka riƙa gwada ta da lissafin da ka iya. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin, buhun yuriya kuwa kilo 23, tunda kashi 46 cikin ɗari ne. A ce darasinku ya nemi kilo 60 a hekta: buhu 4 na NPK sun ba da 30, ragowar 30 ɗin sai yuriya kilo 65, wato buhu ɗaya da kilo 15. Yi wannan a takarda tukuna, sannan ka tambaye ta ka gwada. Abin da ya shafi iri, ko kachala da tsuntsayen jan-baki da ke addabar fadamar Haɗeja, ka kai wa malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta Jigawa (JARDA) ko malamanku, ko ka nemi takardun cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru. In manomi ya tambaye ka daga ina ka samo magana, gaya masa gaskiya, ka ce daga waya ce kuma ba ka tabbatar ba tukuna, ya dakata da sayen maganin har ka dawo masa da amsa ranar kasuwa mai zuwa.